Malamin Da Ke Cewa "Ma Rama"

An ce a wani gari an yi wani malami, Iliyasu, wanda sana'arsa bin gidajen masu hali yana koya wa 'ya'yansu karatu da lissafi in sun taso daga makaranta. Kai, bawan Allahn nan ya sha wahala! Azahar ta riske shi a kan keke, La'asar a falon wani, Magariba a ƙofar wani yana jiran maigadi ya buɗe. In ya dawo gida sai ya tattara sallolin ya dungure su gaba ɗaya, kamar mai kwashe shanya an ga hadari. Asuba kaɗai ta rage masa a cikin jam'i.

Ran nan wani attajiri ya aiko yana so ya riƙa zuwa tun da jijjifi, kafin yara su tafi makaranta, kuma gidan can bayan gari yake. Iliyasu ya tafi shawara wurin Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce Babana, don sunan ubanta ya ci.

Ya ce, "Gwaggo, neman halal ai ibada ne. Asubar kuma in na dawo na rama."

Ta ajiye carbi, ta zuba masa ido har ya tsargu. Ta ce, "Zauna, Babana, ka ji labarin malamin gidan fatake."

Ya ce, "Ina saurare, Gwaggo."

Ta ce, "An yi wani malami mai koyar da 'ya'yan fataken goro a zaurukan iyayensu. Mutumin kirki, wallahi, bai taɓa cin amanar karatu ba. Aibinsa ɗaya: in ladan ya yi kira, yara suka miƙe, sai ya ce, 'Ku zauna mu ƙarasa, ma rama.' Yau ma rama, gobe ma rama, har kalmar ta zauna a bakin yaran.

"Wata rana ladanin unguwar, Malam Tsalha, ya tare shi ya ce, 'Malam, ina jiye maka abin da ya sami Jibo magini.' Malamin ya ce, 'Me ya same shi?'

"Ladan ya ce, 'Jibo shi ke yi wa duk gari yaɓe kafin damina. Soron tsohuwarsa kuwa ya tsage, indararo ya toshe. Kullum ta ce, Jibo, ɗakin nan fa yana zubo min ƙasa. Shi kuma ya ce, Inna, bari in sallami mutane, naki ai na gida ne. Aka yi ruwan farko, duk soron da ya taɓa ya tsaya ƙyam, nata ya rufto. Da hannunsa ya tone ta. Washegari ya kwaɓa ƙasa ya gina soron da babu irinsa a garin, amma babu mai kwana a ciki. Malam, kai ma na gidan ne kake bari.'

"Malamin ya yi dariya ya ce, 'Na ji, Allah ya saka da alheri,' ya wuce, don ana jiransa a wani zauren.

"Kwanci tashi, yara suka girma suka gaji fatauci, malam ya tsufa. Ranar wata kasuwa da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka aika wa almajiransa, aka tarar goro ya iso ana saukewa. Babbansu, Mamuda, ya yi salati, hawaye ya zubo masa, don yana son malaminsa ƙwarai. Ya ce, 'Bari mu ƙarasa sauke kayan nan.' Ɗan aike ya ce, 'Za a yi sallar ba ku fa.' Suka ce, 'Ba komai, ma rama.' Ba mugunta ba ce, Babana, abin da aka koya musu ne.

"Gawa tana ajiye a ƙofar gida har rana ta take. Liman da ladan da waɗansu tsofaffin maƙwabta suka sallace shi. Masu ɗaukar makara ma ba su cika ba, sai da aka roƙi wani mai tallan itace ya sauke kayansa ya kama. Da yamma sai ga almajirai cikin manyan riguna, suna kuka, suka ce wa liman ya shige gaba a yi sahu. Liman ya dube su ya ce, 'Wannan ba a rama ta.'"

Iliyasu ya daure ya ce, "Gwaggo, wannan ai labari ne na jan kunne. Wa ya gani?"

Ta ce, "Ni na gani. Ta kafar ƙyauren zaure nake leƙe, ina addu'a ko mutum ɗaya ya ɓullo daga kasuwa. Mai tallan itacen nan har yau ina sa shi cikin addu'a, ban ko san sunansa ba." Ta share ido da bakin zane. "Ka san dalilin da nake ce maka Babana. Malamin nan ubana ne, sunansa ka ci, na yi murna. Yau kuma na ji kalmarsa a bakinka, muryar ma iri ɗaya."

Tsoro ya kama Iliyasu, tsoro na gaske. Ya tuna jiya-jiyan nan 'yar wani gida ta miƙe za ta yi alwala, ya ce mata ta ƙarasa lissafinta tukuna, ta kuwa zauna ba musu.

Ya ce, "Gwaggo, na ji. Asuba ba zan sayar ba, attajiri ya nemi wani. Sauran gidajen kuma daga gobe in an kira salla za a rufe littafi, ko da za su kore ni."

Ta ce, "Waɗansu za su kore ka, kada ka yi shakka."

Ana cikin haka ladan ya ɗaga murya, La'asar ta yi, ga shi ana jiran Iliyasu a wani gida. Ya dubi kekensa a jingine, ya dubi gwaggonsa. Ta tura masa buta da ƙafa, ya ɗauka.