Makarantar Baƙi ta Baba Adisa

A wani gari da na taɓa yada zango, sunansa ya kwanta mini, Dagaci Barau ya yi niyyar korar 'ya'yan baƙi daga makaranta, wai benci ya yi kaɗan. Yana da aku, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka aika, ka san labarin Baba Adisa?"

Ya ce, "Faɗi, sarkin surutu."

Ta ce: Baba Adisa Bayarabe ne, ya zo wani gari da tallan kwanuka a ka. Shekara talatin, ko arba'in, Allah ya buɗa masa. Shi bai yi karatu ba, sai ya gina makaranta kyauta. Da ya ji malamai na cewa yara baƙi suke fara koya, wato haruffa, ya sa aka rubuta a ƙofa: Makarantar Baƙi.

'Yan gari suka karanta, suka ce, "Ashe ta baƙi ce, 'yan'uwansa." Suka riƙe 'ya'yansu. Baba Adisa ya zauna a ƙofa ya yi tagumi, har Iya Tabawa mai koko ta zo wucewa ta ce, "Mai kwano, kada ka goge rubutun. Tara mini su, ina da labari."

Da suka taru ta ce: An sa wa wata kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. Da 'ya'yan suka girma, aka sayo agwagwa, sai suka taso mata da kuka, "Baƙuwa! Baƙuwa!" Kaza ta ce, "Ku yi a hankali, ku ma a ƙwarya aka kawo ku."

Iya Tabawa ta dubi jama'a ta ce, "To, wanda kakansa ya tsiro a nan kamar rama, ya tsaya waje." Kowa ya sosa ƙeya. Kashegari sai da aka ƙaro tabarmi a makarantar.

Aku ta karkata kai ta ce, "Ni dai daga kurmi aka kawo ni cikin keji. Kakanka fa, ranka ya daɗe?"

Dagaci ya ce, "Daga Azbin, da gishiri." Ya yi dariya, ya ce a kira masa kafinta a ƙara benci.