Duwatsun da Magini Ya Kwashe

Akwai wani magini, mai tsoron Allah ne, hannunsa kuwa yana da kyau. Ikkilisiyarsu ta tara masu aikin sa kai, su ƙetare teku zuwa wata ƙasa, su gina wa 'yan'uwa na can ɗakin sujada, gama a gindin itace suke taruwa. Ya bar iyalinsa ya bi su.

Da suka isa, suka tarar an riga an haƙa tushe, an kuma zuba duwatsu a ciki. Wani kamar kan akuya, wani kamar dunƙulen hannu, babu biyu da suka zo daidai. Maginin ya duba, ya ce wa abokansa wannan ba aiki ba ne. Ya sa aka kwashe su duka, aka jibge a bayan fili. Mutanen garin suna tsaye suna kallo. Washegari ma sai da suka kawo wa baƙin abinci.

Aka zuba kankare, aka jera bulo, aka buga kwano. Gini ya fito tsaf. Har abokansa suna tsokanarsa, wai ko ƙuda ya sauka a daɓen nan sai ya zame.

Ana gobe baƙin za su koma gida, aka buɗe ɗakin domin a keɓe shi. Mutane suka zo da tufafinsu masu kyau, suka zauna a waje, cikin rana. Baƙin kaɗai ne a kan benci. Aka kira, aka sake kira. Sai godiya suke ta yi, amma ba wanda ya tashi.

Maginin ya ɗauki tafinta, ya je gaban wata tsohuwa ya durƙusa. Ya ce, "Iya, me ya hana ku shiga?"

Ta ce, "Ɗana, ɗakinku ya yi kyau, sannunku da aiki. Amma mu nan, in za a gina ɗakin jama'a, kowane gida yakan sa dutsensa a ƙasa. Wanda nasa ba ya ciki, baƙo ne. Nawa daga gonar marigayi mijina na ɗauko shi a ka."

Sai maginin ya tashi ya ɗauko diga, ya fasa daɓen nan mai santsi, tun daga bakin ƙofa har gaba. Mutanen suka nufi bayan fili, kowa kuwa ya gane nasa. Suna jerawa, shi yana bi da siminti. Daɓen bai ƙara zama daidai ba, amma kafin yamma ɗakin ya cika.

Ma'anar wannan misali ita ce: maginin, ni ce, kai ne, duk sa'ad da muka je taimakon wani. Duwatsun kuwa su ne ɗan abin da mutum ya iya kawo wa Ubangiji. Yarinya ta share majami'a ta bar ƙura a lungu, sai mu karɓe tsintsiyar. Wata ta ɗauko waƙa a zumuntar mata murya na rawa, sai gwanaye su danne ta. Mako mai zuwa mu gan ta can baya, mu ce ba ta da himma.

Mu ma fa karkatattun duwatsu ne, Yesu bai kwashe mu ya jibge a bayan fili ba. Da mu yake gini. To, 'yan'uwa, in mun ga abin wani bai yi mana daidai ba, kafin mu ɗauke, mu durƙusa tukuna mu tambaye shi daga ina ya ɗauko.