Tazarar da ke Tsakanin Kalmomi Biyu

Akwai wani mutum da ake kira Gwani, shi ke kula da kwamfutocin shagon ɗaukar hoto na yayarsa. Ya iya aiki, amma ba ya son a duba masa.

Wata rana kwamfutar shagon ta cika. Yaya ta ce ya share foldar Hotuna Tsofaffi, wadda aka riga aka ba masu hotunan nasu. Kusa da ita akwai babbar folda mai suna Hotuna, inda sabon aiki yake.

Gwani ya rubuta ɗan umarnin da zai karɓi sunan folda ya share ta. Abokin aikinsa ya leƙo, ya ce ya fara gwadawa a kan foldar banza. Gwani ya yi dariya, ya ce ba yau ya fara ba.

Ya danna. Sai saƙo ya fito: babu folda mai suna Tsofaffi.

Ashe bai sa sunan cikin alamun zance ba. Da kwamfutar ta ga tazara tsakanin kalmomin, sai ta ɗauka sunaye biyu ne. Ta nemi Tsofaffi ta rasa. Hotuna kuwa ta same ta, ta share.

Ya duba, wayam.

Bai gama dawowa hayyacinsa ba wata amarya ta shigo karɓar hotunan bikinta. Yaya ta ce ya buɗo mata.

"Yaya, na share su."

"Duka?"

Ya gyaɗa kai. Yaya ta dafa tebur.

Amaryar ba ta yi faɗa ba. Mahaifinta ya rasu jim kaɗan bayan bikin. A hankali ta ce, "Har wanda Baba ya riƙe hannuna?"

Abokin bai goranta masa ba. Ya kashe kwamfutar nan take don kada sabon abu ya hau gurbin hotunan, ya haɗa ma'ajiyarta da wata kwamfutar, ya zauna suka yi ta lalube. Sun dawo da hotuna da dama, amma na Baban bai dawo ba.

Gwani da kansa ya je gidanta ya faɗa mata. Ta ce ba komai, ta rufe ƙofa a hankali.

Darasi: Komai gwanintarka, ka gwada kafin ka danna, kuma ka bari wani ya duba maka. Abin da ke hannunka amanar mutane ce. Ku tura wa duk mai aiki da kwamfuta.