Na Baya Zai Rufe

A wata ƙasa mai faɗin daji, inda matafiyi kan yini bai ga ko bukka ba, akwai wani mutum mai kiwon tumaki. Kyarketai, wato karnukan daji, sun addabi makiyayan wurin, sai suka haɗa kai suka ja dogon shinge, tumaki a ciki, kyarketai a waje. Hanyar mota ɗaya ce ta ratsa shingen, aka sa mata ƙofa. Dokar kuwa ita ce, yadda ka tarar da ƙofar haka za ka bar ta, gama wani lokaci makiyayi kan buɗe ta da gangan in zai wuce da garke.

Wata rana mutumin nan yana dawowa daga kasuwa, rana ta take, ya gaji tiɓis. Ya sauka daga motarsa ya buɗe ƙofar, ya shige. Da ya waiga sai ya hango wata mota can nesa tana tafe. Ya ce a ransa, "Me zai sa in sake sauka? Na baya zai rufe." Ya taka mota abinsa.

Na bayan kuwa baƙo ne mai bin doka. A buɗe ya tarar da ƙofar, a buɗe ya bar ta.

Kafin la'asar kyarketai sun shiga. Garken da suka fara tararwa na yayar mutumin nan ne, gwauruwa, tumaki goma sha ɗaya, da su take ci da marayunta. Ko ɗaya ba su bari ba.

Washegari ya je yi mata jaje. Jama'a suna ta tsine wa baƙon. Mutumin nan kuwa ya koro tumaki huɗu daga nasa ya ba ta. Ta riƙe hannunsa tana hawaye, ta ce, "Ƙanena, da kowa irinka ne, da ba a bar ƙofar nan a buɗe ba."

Kayya! Wannan yabo ya fi masa zagi ciwo. Kullum yana cewa gobe zai faɗa mata gaskiya, har ta rasu bai faɗa ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Shingen shi ne tsaron da Allah ya kewaye gidajenmu da ikilisiyarmu da shi. Ƙofar ita ce ɗan aikin da ya faɗo a hannunka: gargaɗin da ya kamata ka yi wa ɗanka, maras lafiyar da ya kamata ka gaishe shi, gafarar da ya kamata ka roƙa. Mukan ce fasto zai yi, ko dattawa. Su kuwa sun ga ka wuce, sun ɗauka ka yi. Ni mai faɗa muku wannan, akwai wanda na yi ta cewa zan je in gaishe shi, sai jana'izarsa na je. Kada ku fita daga nan kuna cewa na baya zai rufe. Ku sauka ku rufe.