Sarkin da Ya Ɗauki Mai Yi Masa Godiya

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a birnin Tsaunin Tagulla da ke can bayan hamada bakwai, an yi wani sarki mai suna Dagazau, wanda masu tarihi suka haɗu a kan cewa ba a taɓa jin fadar da ake yawan godiya kamar tasa ba. Sai dai shi da bakinsa bai taɓa furta ta ba. Ma'aikaci ya ɗauka.

Ma'aikacin nan wani dattijo ne, Barmo, wanda aka naɗa Sarkin Godiya. Duk wanda ya kawo wa sarki wani abu, daga raƙumi har ƙwaryar fura, sai Barmo ya ɗaga murya: "Sarki ya gode!" Sarki kuwa ya ci gaba da duban rufin soro.

To, birnin nan ba shi da kogi, ba shi da rijiya. Abin da yake da shi wani tulu ne na tagulla a tsakar fada, wanda wani aljani mai suna Duƙusa ke cikawa tun zamanin kakan sarki, ruwansa yana malala ta magudanai har unguwar maƙera. Ladan aljanin abu ɗaya ne: kowace safiya sarki ya ce ya gode. Dagazau ya haɗa wannan ma ya miƙa wa Barmo. Shekara ashirin aljanin yana kawar da kai, domin aljanu ma suna da kara. Wata safiya aka leƙa tulu aka ga gindinsa.

Da mutane suka fara ɗaure kaya a bayan jakuna, sarki ya ƙetare hamada, ya hau dutsen da aljanin yake. Can ƙofar kogo, abin da ya saba, ya waiwaya neman Barmo. Babu Barmo, dutsen ba ya ɗaukar mutum biyu.

"Ya kai shugaban aljanun ruwa," in ji sarki, "faɗi fansarka, ko zinariya ce ko dawaki."

"Ya kai jikan abokina," in ji Duƙusa, "dawakinka ba su hawa dutse. Koma gida. Kowace safiya ka gode wa mutum ɗaya da bakinka, ka ambaci sunansa, ka faɗi abin da ya yi maka. Kowace godiya, ruwan kwana ɗaya."

Sarki ya sauko yana murmushi, yana ganin ya yi ciniki da araha.

Washegari fada ta cika. Tsohuwar da ke dama masa fura kullum ta durƙusa ta ajiye ƙwarya. Sarki ya gyara murya, ya buɗe baki, sai ya tarar babu sunan. Ya duba hagu, ya duba dama, fadawa duk suka shiga nazarin tabarma.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "yaya sunanki?"

"Tabawa, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe kike gidan nan?"

"Allah ya ja zamaninka, ai ni na goye ka. Har yau wannan kafaɗar ba ta manta da kai ba."

Da ƙasa za ta tsage da Dagazau ya shige, to amma ƙasa ba ta cikin masu yi masa hidima. Gumi ya jiƙa amawalin rawaninsa. Da kyar, kamar mai haɗiyar maɗaci, ya ce, "Tabawa, na gode da goyo. Na gode da fura."

"To, madalla," in ji ta. "Sha kafin ta tsinke."

Nan take aka ji tulu yana ɓulɓula.

Haka ya ci gaba kowace safiya, daga mai wankin rawani zuwa mai gyaran sirdi, kowane suna da kunyarsa. Aka sauke wa jakuna kaya. Sarki ya lura cewa tun da ya fara sanin hannun da ya dama fura, furar ta ƙara garɗi, ko da yake Tabawa ta rantse ba ta sauya komai ba.

Barmo kuwa, da aiki ya ƙare masa, ya zo neman izini ya auri Tabawa. Ashe duk shekarun nan da yake ce mata sarki ya gode, shi har zuciya yake faɗa, ita ma ta sani.

Aka ɗaura aure, aka yi kwana bakwai ana shagali. Sarki da hannunsa ya ba ango gida da alkyabba. Barmo ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga murya gaban jama'a ya ce, "Sarki ya gode!"