Dokin Ɗan Fashi

Akwai wani bawan Allah a Durango ta ƙasar Meziko mai suna Nicanor, wanda sana'arsa mutuwa ce. A wasan kaboyi na talabijin kullum shi ne ɗan fashi, don kawai fatarsa ta fi duhu. Da an harba bindiga, sai shi da dokinsa Canelo su zube ƙasa. Tun dokin yana ƙarami ya koya masa haka.

Jarumin wasan kuwa Don Evaristo ne, mai fitowa a shugaban 'yan sanda. Surukin mai tashar ne, don haka ko darakta sai da lallami yake masa magana.

Wata rana Don Evaristo ya ga Canelo yana ta sheƙi, sai ya ce, "Kai ɓarawo! Dokin nan ya fi ƙarfin fuskarka. Daga yau nawa ne. Je ka hau alfadari."

Nicanor ya ce, "Ranka ya daɗe, ai dokin nan..."

"Rufe mini baki! Yaushe 'yan fashi suka fara magana a wasan nan?"

Darakta ya sunkuyar da kai. Nicanor ya miƙa linzami.

Aka kunna kyamara. Don Evaristo ya sheƙo a guje a kan Canelo, gashin baki a murɗe, ya ɗaga bindiga ya harba.

Canelo ya yi aikinsa. Ya zube rim, ya danne ƙafar jarumi cikin ƙaya, har da zaro harshe. Nicanor ma ya faɗo daga alfadari ya miƙe a ƙasa kamar gawa.

Aka ja dokin, aka roƙe shi, ko motsi. Ba ya tashi sai da fiton mai shi.

Don Evaristo ya daka tsawa, "Nicanor! Tashe shi!"

Nicanor ya ci gaba da kwanciyarsa.

"Nicanor, ɗan'uwana, don Allah!"

Nicanor ya buɗe ido ɗaya. "Ranka ya daɗe, ai ka kashe ni. Gawa tana fito?"

"Dokinka ne! Kowa ya shaida, na mayar!"

Sai gawa ta yi fito. Canelo ya tashi, ya kakkaɓe jiki, ya nufi mai shi ko waiwaye bai yi ba.

Darasi: Iko yana ƙwace linzami, amma ba ya ƙwace amana. Wanda ka raina don kalar fatarsa, saurare shi ya ƙarasa maganarsa. A tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.