Wa Ya Yi Masa Salla?

Akwai wata budurwa a Ƙauran Namoda mai suna Nazifa. Asalinta 'yar Birnin Tsaba ce, ta ƙasar Zurmi. Shekarar da 'yan bindiga suka kashe mahaifinta a gonarsa ta gero, kawunta Malam Na'ibi, malamin firamare, ya je ya ɗauko ta da mahaifiyarta ya dawo da su Ƙaura.

Nazifa ba ta yi kuka ba ranar. Ba ta yi ranar sadakar uku ba, ba ta yi ranar arba'in ba. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta, tana amsa gaisuwa, amma kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi a jiki duka. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: a rediyo cewa aka yi an kashe mutum tara. Ba a ambaci sunan ko ɗaya ba.

Sai ta buɗe shafi a Fesbuk, ta rubuta sunan mahaifinta da garinsu da ranar. Daga nan duk wanda aka kashe a Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura, in labari ya iso ta, sai ta rubuta shi. Babu zagi, babu sharhi. Cikin shekara biyu mutane suka yarda da shafin fiye da yadda suka yarda da rediyo.

Wata rana aka turo mata saƙon murya. An ce cikin wasu 'yan'uwa biyu na Badarawa da aka kama a gona, Jatau da ƙanensa Hashimu, an kashe Jatau. Ba ta tambayi kowa ba, ta rubuta.

'Yan gidan suka gani. Tunda shafin Nazifa ne, babu wanda ya yi shakka. Aka yi zaman makoki, matar Jatau ta shiga takaba. Kwana goma sha bakwai bayan nan, Jatau ya shigo gari da ƙafarsa.

Kun san halin mutanenmu na Fesbuk, ba sai na faɗa muku ba. Waɗanda jiya suke sa mata albarka su suka fara tsine mata. Wani ya ce a kama ta, wani ya ce kuɗi ake biyanta. Ta zauna ta karanta zagin tas, ba ta ji komai ba. Ta rubuta layi ɗaya cewa Jatau yana raye, ta ajiye waya.

Ana cikin haka ta samu gurbin karatu a jami'o'i biyu. Ɗaya babba ce a wani birni mai nisa, irin wadda in ka faɗi sunanta ake gyara zama, ga kuma tallafin karatu. Ɗayar ƙarama ce, wasu gine-ginenta ko fenti ba su gani ba. Malam Na'ibi ko sunan ƙaramar ba ya son ji.

A babbar jami'ar, jami'in da ya karɓe ta ita da kawunta ya yi musu fara'a sosai. Sannan ya zaro takarda ɗauke da hoton rubutunta na Jatau, ya ɗora mata fom a kai. Sharaɗin shi ne ta rufe shafin, kuma kada ta sake rubuta komai a kan kashe-kashe har ta gama karatu. Ya ce kare ta suke yi, suna kuma kare sunan makaranta. Ya ba ta mako guda.

Don dai kada a ce ba ta je ba, ta leƙa ƙaramar. Shugabar sashen koyon aikin jarida, Dakta Saliha, ita ma ta ga rubutun, kuma ba ta yi mata fara'a ko kaɗan ba.

"Wa ya gaya miki Jatau ya mutu?"

Nazifa ta ce saƙo aka turo mata.

"Wa ya yi masa salla?"

Nazifa ta ce ba ta tambaya ba.

Dakta Saliha ta ce a nan babu mai rufe mata shafi, bakinta nata ne. Amma in tana son zama ɗalibarta, kada ta ƙara rubuta sunan mamaci sai ta yi magana da wanda ya tsaya a jana'izarsa. Kuma kafin ta yi rajista, ta je Badarawa da ƙafarta ta nemi gafara.

Gaskiya sharaɗin babbar jami'ar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sa hannu minti ɗaya ne, ba sai ka kalli idon kowa ba. Malam Na'ibi ma haka ya gani.

"Ɗiyata, sa hannu ki huta. Waɗanda sunka riga mu ba su karatun Fesbuk."

"Kawu, uwayensu na karantawa," in ji ta.

 Ranar kasuwar Shinkafi, da yake motoci kan jeru su tafi tare saboda tsoron 'yan bindiga, Malam Na'ibi ya sa hularsa ya raka ta Badarawa.

Sun iske Inna Mairama, mahaifiyar Jatau, tana tsince dawa a tsakar gida. Nazifa ta durƙusa ta faɗi ko ita wace ce. Matar Jatau na jin sunan ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule, kuma har suka bar gidan ba ta fito ba. Ni dai ban ga laifinta ba. Jatau yana zaune jikin katanga, ya rame ƙwarai, bai ɗago ba.

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar dawarta. Ta ce mai saƙon musanya 'ya'yan nata ya yi. Ba Jatau aka kashe ba, Hashimu ne.

"Kwana sha bakwai ina makokin rayayye, ina roƙon Allah shi maido min wanda ya riga ya tahi. Na yahe miki, ɗiyata. Amma Hashimu har yau ba wanda ya rubuta shi. Rubuta min shi."

Nazifa ta ciro waya. Yatsanta ya kai kan harafin farko, sai ta tsaya.

"Inna, ki yi haƙuri. Wa ya yi mishi salla?"

Malam Na'ibi ya harare ta, don a ganinsa wannan rashin ta-ido ne. Sai Jatau ya yi magana daga jikin katanga, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ni na yi mishi. Ni kaɗai, cikin daji, da taimama. Da hannuna na ruhe shi."

Nazifa ta rubuta: Hashimu, Badarawa. Da ta zo wajen sa rana, ta kasa ganin allon wayar. Kukan da ba ta yi wa mahaifinta ba shekara uku, a tsakar gidan nan ya zo mata, kuma tsohuwar da ta zo neman gafararta ce ta riƙe ta.

Fom ɗin babbar jami'a, Malam Na'ibi da kansa ya mayar ba sa hannu. Yanzu Nazifa tana aji uku wajen Dakta Saliha, shafin yana nan. Wani lokaci sunan mamaci yakan yi mako biyu bai fito ba, mabiya su yi ta mita wai ta yi sanyi. Ba ta tanka musu, tana neman wanda ya tsaya a sahun salla ne.

Darasi: 'Yancin faɗar albarkacin baki amana ne, don abin da ka rubuta da yatsa ɗaya yana iya sa matar wani takaba. Kuma jami'ar da ta fi dacewa da kai ba lallai ta zama mai babban suna ba. Nemi wadda ba za ta toshe maka baki ba, za ta koya maka tabbatarwa kafin ka buɗe shi. Ku tura wa ɗaliban da ke zaɓen makaranta bana, da duk mai saurin yaɗa labarin mutuwa bai bincika ba.